Mata Takwas a Cikin Maza 676

A watan Satumban 1963 sababbin ɗalibai suka hallara a Makarantar Koyon Kasuwanci ta Harvard, a bakin kogin Charles da ke Boston, don fara digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA. Maza 676 ne, mata takwas. A lokacin makarantar ta shekara 55 tana yaye manajoji, amma wannan ne karon farko da aka bar mace ta shiga tun daga ajin farko, ta yi karatun shekara biyu cif tare da maza. Wata tara kafin nan ne, a Disamban 1962, malaman makarantar suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da hakan.

Digirin ba baƙo ba ne ga mai karatu a Zariya ko Kano. Ana yin sa a jami'ar Zariya, ana yin sa a Jami'ar Bayero, ma'aikatan banki da na gwamnati suna rububinsa. Asalinsa dai Amurka ne, kuma a can ne tarihi ya fi nuna cewa riga ce da aka auna wani mutum takamaimai aka ɗinka masa: namiji mai shekara ashirin da 'yan kai, wanda ke da mata a gida tana riƙe masa sauran al'amuran rayuwa. An daɗe da ba mace izinin sa rigar. Gyaran ɗinkin ne ya ɗauki shekaru, har yanzu ma ba a gama ba.

Makarantun sun taso ne daga wata buƙata ta ƙarshen ƙarni na 19. Kamfanonin jirgin ƙasa da na ƙarfe da na man fetur sun yi girman da mai dukiya da 'ya'yansa ba za su iya juya su su kaɗai ba. Sai aka shiga neman sabon irin ma'aikaci, wanda ba shi ya mallaki kamfanin ba amma shi ke tafiyar da shi ana biyan sa albashi. A 1881 wani attajirin ƙarfe na Philadelphia, Joseph Wharton, ya ba Jami'ar Pennsylvania dala dubu 100 ta buɗe makarantar da ke ɗauke da sunansa har gobe. A 1900 Kwalejin Dartmouth ta kafa makarantar Tuck, ta farko da aka keɓe wa waɗanda suka riga suka yi digiri. A 1908 Harvard ta zo da MBA.

A daidai wannan zamani mata ma suna cika ofisoshi, sai dai ta wata ƙofa daban. Kamfanin Remington ya fito da tafireta kasuwa a 1874. Kafin nan aikin akawu na maza ne, kuma saurayi kan fara daga nan ya yi ta hawa har wata rana ya zama manaja. Da tafireta ta samu gindin zama, sai aikin ofis ya rabu biyu. Yanke shawara da sa hannu suka zauna a hannun maza, bugun takardu da ɗaukar shifta da jera fayil suka koma hannun mata. Zuwa 1930, kusan kashi 95 cikin ɗari na masu buga tafireta da ɗaukar shifta a Amurka mata ne. Su ma suna da makarantunsu. Mafi shahara ita ce ta Katharine Gibbs, wadda ta fara a Providence a 1911, inda ake gane ɗalibanta da hula da farar safar hannu. Ana koya musu duk abin da zai sa ofishin maigida ya tafi daidai, ban da yadda za su gaji kujerarsa. Ga kuma wata al'ada da manyan kamfanoni da hukumomin ilimi da yawa suka riƙe har zuwa shekarun 1940: ranar da ma'aikaciya ta yi aure, ranar aikinta ya ƙare. Wanda ya yarda da wannan ba zai ga dalilin kashe shekara biyu ana koya wa mace shugabancin kamfani ba.

Ba basirar kasuwanci mata suka rasa ba. Tun 1903 Maggie Lena Walker, baƙar fata daga Richmond, ta kafa banki ta kuma shugabance shi. Madam C. J. Walker ta tashi daga wankau ta gina kamfanin man gashi mai dubban dillalai mata. Babu wadda ta taka makarantar manajoji a cikinsu. 'Yan ƙalilan sun kutsa inda aka ɗan sassauta: Ursula Batchelder Stone ta samu digirin digirgir a fannin kasuwanci daga Jami'ar Chicago a 1929, Alma Ledig kuma ta zama mace ta farko da ta karɓi MBA a Wharton a 1931. Ɗaiɗaiku ne, kuma shigarsu ba ta sauya komai ba.

Abin da ya faru a Harvard ya fi ban sha'awa, don a can ba a ce mata ba za su iya karatun ba. An dai ce ba a nan za su yi shi ba. Harabar makarantar, wadda aka gina da kyautar dala miliyan biyar ta attajirin banki George F. Baker aka kuma buɗe a 1927, tana ɓangaren Boston na kogin Charles. A ɗaya gaɓar, cikin Cambridge, akwai Radcliffe, kwalejin mata da ke jingine da Harvard. A 1937 wata jami'ar Radcliffe mai kula da samar wa ɗalibai aiki, Edith Stedman, ta ƙirƙiro kwas na shekara ɗaya kan kula da harkokin ma'aikata. Da mata biyar aka fara. Malaman makarantar kasuwancin ne ke tsallako gada su koyar da su, sau da yawa da irin darussan da suka koya wa maza. Ana kuma tura ɗaliban masana'antu da manyan kantuna su yi aiki da hannunsu na wasu makonni, abin da mazan ma ba a tilasta musu ba. A ƙarshe namiji ya fita da digiri, mace ta fita da takardar shaida.

Zaɓen fannin ma ba a banza aka yi shi ba. Kula da ma'aikata, wato ɗaukar aiki da sauraron koke da walwala, shi ne sashen da kamfanoni ke ganin ya dace da mace, kuma daga nan ba a cika zuwa kujerar shugaban kamfani ba. Duk da haka kwas ɗin ya yi ta faɗaɗa, ya sake suna sau biyu, ya haɗa da lissafin kuɗi da tallace-tallace da sarrafa kaya. Kafin a rufe shi a 1963 ya yaye mata kusan 1,200.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne MBA ya bunƙasa da gaske. Dokar 1944 da ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji ta cika jami'o'i da maza, da yawansu magidanta. Mata sun cika harabar makarantu a wannan lokaci, amma a matsayin matan ɗalibai. Su ke aikin sakatariya ko koyarwa su ciyar da gida, su ke buga wa maigida aikin da malami ya bayar. A jami'o'i da dama har takardar yabo ta raha ake ba su ranar yaye ɗalibai, wai ta gode musu da ɗaukar nauyin miji har ya gama. A 1951 ɗan jarida William Whyte ya rubuta a mujallar Fortune yadda kamfanoni ke tantance matar mutum kafin su ɗauke shi ko su ƙara masa girma: shin za ta iya karɓar baƙi, za ta yarda a yi ta canza musu gari, ba za ta yi ƙorafin daren da yake yi a ofis ba? Kamfani yana biyan albashin mutum ɗaya ne, yana cin moriyar aikin mutum biyu. Duk tsarin awannin aiki da tafiye-tafiye da ake koya wa ɗalibi ya sa rai da su an gina shi ne a kan wannan.

A 1959 Harvard ta ɗan buɗe ƙofa: wadda ta gama kwas ɗin Radcliffe tana iya neman shiga shekara ta biyu ta MBA. Mata uku suka karɓi digirin a 1960. Ta wannan hanya Barbara Hackman Franklin ta bi ta gama a 1964. A 1971 Shugaba Nixon ya ɗauke ta aiki a Fadar White House don ta nemo matan da za a naɗa a manyan muƙamai, a 1992 kuma ta zama sakatariyar harkokin kasuwanci ta Amurka, wato minista.

Waɗanda suka shigo bayan 1963 sun tarar an ba su aji amma ba a ba su ɗaki ba. Gidajen kwanan ɗalibai na maza ne, don haka mata suna kwana a tsallaken kogi, su yi sammako su tako. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a makarantar da rabin karatunta a ƙungiyoyin bita na dare ake yin sa, a cikin waɗannan gidajen kwanan. Lillian Lincoln, 'yar wani manomi daga Virginia, ta iso a 1967 daga Jami'ar Howard, bisa shawarar malaminta H. Naylor Fitzhugh, wanda shi kansa yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka gama Harvard ɗin. A ajin shekararta na mutum kusan 800, mata ba su kai ashirin ba. A 1969 ta zama baƙar mace ta farko da ta samu MBA a makarantar. Bayan wasu shekaru tana aiki a ƙarƙashin wasu, a 1976 ta buɗe kamfanin share-share da kula da gine-gine a garejin gidanta, mai suna Centennial One, wanda ya kai ma'aikata sama da dubu.

Wasu makarantun ma bayan Harvard suke. Tuck ta ɗauki mace ta farko a 1968. A Faransa, INSEAD ta karɓi mata biyu na farko a 1967, HEC ta Paris kuwa sai 1973, alhali tun 1916 akwai makarantar kasuwanci ta 'yan mata zalla a birnin, wadda Louli Sanua ta kafa. A 1970, cikin duk masu karɓar digiri na biyu a fannin kasuwanci a Amurka, mata ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba.

Sai shekarun 1970 suka zo da guguwa. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta riga ta haramta nuna bambancin jinsi wajen ɗaukar aiki, amma sai yanzu ta fara cizo. A 1970 Bernice Sandler ta shigar da koke kan jami'o'i sama da ɗari biyu, tana dogaro da umarnin shugaban ƙasa da ya hana masu karɓar kwangilar gwamnati nuna wa mata bambanci. A Yunin 1972 Nixon ya sa hannu a dokar ilimi da ta hana duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya ware mata wajen ɗaukar ɗaliban digiri na biyu da na sana'o'i. A 1973 kamfanin tarho na AT&T, wanda ya fi kowane kamfani yawan ma'aikata a ƙasar, ya amince ya biya kusan dala miliyan 38 na bashin albashi da ƙarin girma ga mata da tsiraru. A shekarar ce kuma Kotun Ƙoli ta goyi bayan hana jaridu raba tallan guraben aiki gida biyu, na maza daban na mata daban. A 1974 aka haramta wa bankuna hana mace bashi saboda jinsinta ko don ba ta da miji. Manyan kamfanoni suka wayi gari suna neman manajoji mata ruwa a jallo. Masana tattalin arziki biyu na Harvard, Claudia Goldin da Lawrence Katz, sun ƙara da wani dalili: yaɗuwar ƙwayar tsara haihuwa a tsakanin 'yan mata, wadda ta sa aka riƙa jinkirta aure da haihuwa har a gama dogon karatu. Kafin 1980 kason mata a digirin ya haura kashi ashirin.

Wasu kuwa ba su yarda shiga ajin maza ya wadatar ba. Margaret Hennig da Anne Jardim, waɗanda dukkansu suka yi digirin digirgir a makarantar kasuwancin Harvard, sun nemi a gyara manhaja ta yi la'akari da abin da mace ke tararwa a kamfani. Da ba su samu yadda suke so ba, suka koma Kwalejin Simmons da ke Boston suka kafa shirin digiri na biyu na mata zalla a farkon shekarun 1970, wanda ya rayu sama da shekara arba'in. A 1977 Rosabeth Moss Kanter ta fitar da binciken da ta yi a cikin wani babban kamfani, inda ta nuna abin da ke samun mutum idan irinsa ba su wuce kashi 15 cikin ɗari a wuri ba. Ido yana kansa kullum, kuskurensa na duk irinsa ne, nasararsa kuma tasa ce shi kaɗai. Duk macen da ta zauna a ajin mutum casa'in tare da 'yan uwanta mata biyu ko uku ta san wannan tun kafin a rubuta shi.

Daga nan lissafi ya tsaya cik, kuma wannan tsayuwar ita ce abin da ya fi buƙatar bayani a duk tarihin. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 har farkon ƙarnin nan, kason mata a manyan makarantun MBA bai bar kewayen kashi 30 ba. A 2000 ƙungiyar Catalyst da Jami'ar Michigan suka fitar da rahoton da ya ajiye alƙaluman gefe da gefe: mata kashi 30 a manyan makarantun kasuwanci, kashi 44 a na lauyoyi da na likitoci. Su ma waɗannan fannoni biyu daga ƙasa suka taso a 1970, amma ba su tsaya ba. Mata sun zarce maza a makarantun lauya a 2016, a sababbin ɗaliban likita kuma a 2017.

Rahoton ya kawo dalilan da waɗanda aka tambaya suka bayar: ƙarancin matan da za a yi koyi da su, tsoron aikin da ba ya barin lokacin iyali, rashin ƙarfafawa daga wurin aiki, da shakkar lissafi. Na ƙarshen nan ya fi yawo a bakin mutane, kuma shi ya fi rauni. Karatun likita ba ya ragawa mai gudun kimiyya, ga shi mata sun cika shi. Aikin akanta lissafi ne zalla, kuma fiye da rabin akantocin Amurka mata ne. A digiri na farko na kasuwanci ma mata sun kusa rabi tun ƙarshen shekarun 1980.

Bambancin yana wajen lokaci. Makarantar lauya da ta likita suna karɓar ɗalibi da ya gama digirin farko kai tsaye ko bayan ɗan jinkiri, yana ɗan shekara 22 zuwa 24. Manyan makarantun MBA kuwa sun koma neman wanda ya yi aikin shekara huɗu ko biyar, don haka mafi yawan masu shiga 'yan shekara 27 ne ko 28. Mutum zai ajiye aikinsa, ya tashi zuwa wani gari, ya yi shekara biyu ba albashi, ya kashe abin da a yau ya haura dala dubu 200 a manyan makarantu, sannan ya fita yana dab da talatin ya shiga aikin bankin zuba jari ko na ba kamfanoni shawara, inda ake yin awa sittin zuwa tamanin a mako don a biya bashin. Shekarun nan su ne na aure da haihuwa da goyo ga mafi yawan mata masu digiri. Akwai kuma wani abu: babu lauya ko likita sai da takarda, amma ana iya zama manaja ba tare da MBA ba. Macen da ta auna ta ga cinikin bai biya ba, ba tsoro ta ji ba, lissafi ta yi. Shi ya sa a shirye-shiryen yamma da na ƙarshen mako, da digiri na biyu na shekara ɗaya a fannoni irin su akanta, mata suka fi yawa fiye da yadda suke a MBA na cikakken lokaci.

Ko ta yi daidai a lissafin? A 2010 Marianne Bertrand da Goldin da Katz suka bi sawun waɗanda suka gama MBA a Jami'ar Chicago tsakanin 1990 da 2006. A shekarar fita, matsakaicin abin da mace ke samu dala dubu 115 ne, namiji dubu 130. Bayan shekara tara, mace tana kan dubu 250, namiji dubu 400. Da suka tona, sai suka ga abu uku ne ya haifar da mafi yawan giɓin: ɗan bambanci a darussan harkar kuɗi da aka ɗauka a makaranta, katsewar aiki, da yawan awannin mako. Biyun ƙarshe kuwa haihuwa ce ke jawo su. Matan da ba su da 'ya'ya ba su yi nisa da maza ba. Ba wai iyayen sun daina aiki ba ne, akasarinsu suna yi. Sai dai a irin wannan sana'a, wanda ya rage kashi ɗaya cikin huɗu na awanninsa yana asarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na albashinsa, wata shida a gida kuma tana bin mutum shekaru. Goldin ta samu kyautar Nobel a 2023 saboda ayyukanta kan tarihin aikin mata.

Tun 1989 Felice Schwartz, wadda ta kafa Catalyst, ta taɓo wannan a mujallar makarantar Harvard, ta ba da shawarar kamfanoni su tanadi hanya mai sassauci ga matan da ke son haɗa aiki da iyali. Aka yi mata ca, ana cewa ta ba kamfanoni hujjar ajiye iyaye mata a gefe. Abin da mutane ƙalilan suka tambaya a lokacin shi ne me ya sa iyaye maza ba sa cikin maganar.

A cikin aji ma akwai abin dubawa. Tun shekarun 1920, zamanin shugaban makarantar Wallace Donham wanda lauya ne, Harvard ke koyarwa da labarin kamfani: a ba ɗalibai tarihin wata matsala ta gaske, su karanta da dare, da safe a zauna mutum casa'in a yi muhawara kan abin da ya kamata shugaban kamfanin ya yi. Rabin makin ɗalibi daga maganar da ya yi a aji yake fitowa, malami kuma daga ƙwaƙwalwarsa yake tuna wa ya ce me. Da Nitin Nohria ya zama shugaban makarantar a 2010, ya tarar mata suna shigowa da sakamako daidai da na maza amma suna fita a baya. A 2009, cikin kashi biyar na sama da ake karramawa da sunan Baker, mata 'yan ƙalilan ne kawai, alhali sun haura kashi ɗaya cikin uku na ajin. Shi da malamai irin su Frances Frei da Youngme Moon suka sa masu ɗaukar bayani a kowane aji suna rubuta wanda ya yi magana da abin da ya faɗa, aka ba malamai manhajar kwamfuta da ke nuna musu wa suke yawan kira, har horon ɗaga hannu aka shirya wa ɗalibai. Wasu ɗaliban sun yi gunaguni cewa ana ɗaukar su kamar yara. Amma a 2013 kason mata a cikin waɗanda aka karrama ya kusa kashi 40. A Janairun 2014, a wani taron tsofaffin ɗalibai mata a San Francisco, Nohria ya nemi gafararsu kan yadda makarantar ta riƙe su a baya, ya kuma bayyana cewa kashi tara cikin ɗari ne kacal na labaran da ake koyarwa da su ke da mace a matsayin mai yanke shawara. Ya yi alkawarin kai shi kashi ashirin.

Wani gwaji da aka wallafa a 2017 ya leƙa wani lungun da ba a cika magana a kansa ba. Leonardo Bursztyn da Thomas Fujiwara da Amanda Pallais sun raba wa sababbin ɗaliban wata babbar makarantar MBA takardar tambayoyi kan aikin da suke so. An gaya wa wasu cewa mai ba da shawara ne kawai zai ga amsarsu, wasu kuma aka ce za a tattauna ta a gaban 'yan aji. Maza da matan aure ba su canza amsa ba. 'Yan matan da ba su da aure kuwa, da suka san abokan karatu za su gani, sai suka rage albashin da suke nema da kusan dala dubu 18 a shekara, suka rage kwanakin tafiya da awannin aikin da suka ce za su iya.

Duk da haka alƙaluman shiga sun motsa. Gidauniyar Forté, wadda makarantu da kamfanoni suka kafa bayan rahoton 2000, ta yi shekaru tana ba da tallafin karatu tana kuma bin 'yan mata tun suna digirin farko. A 2007 Harvard ta sanar da tsarin da ɗalibi zai nemi gurbi tun bai gama jami'a ba, a ajiye masa, ya je ya yi aikin shekara biyu ya dawo, wasu makarantu suka kwaikwaya. A 2018 mata suka kai kashi 52 na sababbin ɗalibai a makarantar Marshall ta Jami'ar Kudancin California. A 2021 Wharton ma ta kai kashi 52, shekara 140 bayan kafa ta, a ƙarƙashin Erika James, mace ta farko kuma baƙar fata ta farko da ta shugabance ta. Matsakaicin makarantun da ke cikin Forté ya kai kusan kashi 42 a 2023. A wannan shekarar ce kuma, a karon farko, mata suka haura kashi goma cikin ɗari na shugabannin manyan kamfanonin Amurka 500.

Don cikar shekara hamsin da shigar matan nan takwas, Robin Ely da Pamela Stone da Colleen Ammerman sun binciki tsofaffin ɗaliban Harvard sama da dubu 25, suka fitar da sakamakon a 2014. Zancen da ake yi cewa mata suna karɓar digirin su koma gida bai tabbata ba: kashi 11 ne kawai suka bar aiki gaba ɗaya don reno. Burin da suka fita da shi ma bai bambanta da na maza ba. Inda aka rabu shi ne a kan tambayar aikin wa za a fifita a gida, na miji ko na mata. Fiye da rabin mazan sun ce tun ranar da suka gama suna sa ran nasu ne zai zo gaba, kuma ga kusan kashi 70 haka aka yi. Mafi yawan matan sun fita suna sa ran za a yi daidai wa daida, amma kusan kashi 40 suka tarar aikin mijin ne aka fifita. Masu binciken sun yi wa 'yan baya-bayan nan, masu shekara 26 zuwa 31, irin tambayar. Kashi uku cikin huɗu na matan sun ce suna sa ran aikinsu zai yi daraja ɗaya da na mazajensu. Rabin mazan da suka zauna aji ɗaya da su sun ce nasu ne zai zo gaba, kashi biyu cikin uku kuma suna sa ran matansu ne za su ɗauki mafi yawan renon yara.